Maigidana Yana ICU, Tsoro Ya Mamaye Shi: Ko Kukana Ne Ya Mayar Da Shi Baya?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekararsa 47, yana da ciwon suga. Zazzaɓi da tari suka kwantar da shi har numfashi ya gagare shi, aka ce nimoniya ce ta kama huhunsa duka biyu, aka shigar da shi ICU, wato sashen kulawa ta musamman na waɗanda ciwo ya tsananta. Ya yi kwana takwas da roba a maƙogwaro, inji na yi masa numfashi. Yanzu an cire robar, yana kan oksijin, likitoci sun ce huhun na samun sauƙi. Amma wanda ya farka ba mutumin da na sani ba ne. Mutum ne mai dakiya, ko ranar da mahaifinsa ya rasu ban ga hawayensa ba. Yanzu da na shiga sai ya damƙe hannuna yana cewa kada in tafi, za su kashe shi da dare. Ya ce yana ganin mutane tsaye a ƙafar gadonsa riƙe da likkafani. Sau biyu yana fizge robar ƙarin ruwa, har aka ɗaure masa hannu. Da rana yakan dawo hayyacinsa ya tambaye ni yara, sai kuma ya ce shi ya san ba zai tashi ba, in yafe masa.

Ranar farko da na gan shi idonsa biyu na fashe da kuka a gabansa, na'ura ta hau ƙara, wata nas ta ce in fita ina tayar masa da hankali. Washegari aka ce jikinsa ya ɗan koma baya. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. Surukata ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce ko sammu, a fitar da shi a kai shi wajen malamai. Yayansa, wanda ke biyan mafi yawan kuɗin, ya ce tsoro ne ke kashe shi, kada kowa ya faɗa masa gaskiyar halin da yake ciki, kuma shi ma ya fara karkata ga a fitar da shi. Anti, da gaske tsoro na iya kashe mara lafiya? Kukana ne ya jawo? Me zan yi?

Wata baiwar Allah, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Bari in fara sauke miki kayan da kika ɗora wa kanki, tunda shi ya hana ki barci. Kukanki bai mayar da mijinki baya ba. Wanda ciwo ya kai shi ICU, jikinsa yau gaba ne gobe baya ko da ba wanda ya leƙo shi: zazzaɓi ya dawo, suga ya hau, majina ta toshe wani lungu na huhu, naman da ke jan numfashi ya gaji bayan kwana takwas inji na ɗauke masa aiki. Kwanakin farko bayan cire roba ma su ne aka fi ganin haka. Ita kuwa na'urar, iyaka aka saita mata. Da bugun zuciya ya haura adadin da aka sa, ko ɗan abin da aka maƙala masa a yatsa ya zame, sai ta ɗau ƙara. Mutum ya buɗe ido ya ga matarsa bayan fiye da mako guda, dole zuciyarsa ta buga, ko da dariya kika shiga. Nas ɗin da ta fitar da ke lambobin allo take kallo, kuma a yawancin asibitocinmu aikin ya fi ƙarfin hannayen da ke yin sa, sai ta bi hanyar da ta fi mata sauri. Maganarta ta yi kaushi, na yarda. Amma kada ki mayar da ita hukunci a kanki, kada kuma ki ƙullace ta, domin za ki buƙaci matar nan a kwanakin da ke tafe.

Sai batun ko tsoro na kisa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar Yaya. Idan mutum ya firgita, jiki na sakin sinadarai irin su adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, suga ya hau (wannan kuwa ya shafi mijinki kai tsaye), numfashi ya koma gajeru da sauri, jiki ya riƙa cin oksijin fiye da yadda ya saba. Lafiyayye zai wuce wurin ba tare da wata illa ba. Wanda huhunsa da ƙyar yake kawo abin da zai ishe shi kuwa, ƙarin nauyi ne aka ɗora masa. Haki ya tsorata shi, tsoron ya ƙara masa haki. Ga rashin barci, ga ture abin oksijin daga fuska, ga fizge roba. Ta waɗannan ƙofofi fargaba ke tsawaita jinya.

Likitoci sun auna wannan. A Faransa an bi marasa lafiya kusan 400 da aka kwantar a ICU suna cikin hayyacinsu, aka wallafa sakamakon a 2020. Kusan rabinsu sun shiga da fargaba matsakaiciya ko mai tsanani, kuma a makon farko a cikinsu aka fi samun waɗanda wata gaɓa ta ciki ta ƙara gazawa, ko bayan an yi la'akari da tsananin ciwon da kowa ya zo da shi. Sai dai abin da binciken ya nuna shi ne abubuwan biyu na tafiya tare. Bai tabbatar da cewa fargabar ce ta gurgunta gaɓar ba, domin sau da yawa jiki ne ke riga na'ura sanin wani abu ya taɓu. Ƙarancin oksijin, ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, ciwon zuciya na farat ɗaya, duk suna iya zuwa wa mutum da jin cewa ajali ya iso. Don haka ki ɗauki tsoron mijinki yadda za ki ɗauki zazzaɓi: alama ce da ake kai wa likita, a nemo musabbabinta, a yi mata magani. Ba wanda ke ce wa mai zazzaɓi ya yi ta maza ya daina zafi. Masu shiga suna ce masa "haba Alhaji, ina tawakkalinka?" da kyakkyawar niyya suke yi, amma kunya kawai suke ƙara masa a kan tsoro, har ya daina faɗa muku abin da yake ji.

A wasiƙarki na ga abubuwa biyu ne ke damunsa, kuma kowanne da hanyarsa. Na farko shi ne na dare: masu likkafani, zargin za a kashe shi, fizge roba, sannan ya wartsake da rana. Wannan ya yi kama ƙwarai da abin da likitoci ke kira diliriyom, wato ruɗewar ƙwaƙwalwa ta ɗan lokaci da ciwo mai tsanani ke haddasawa. Alamarta kenan, ta zo ta tafi a yini guda, kuma ta fi tashi bayan faɗuwar rana. Ba kuma baƙon abu ba ne. A wani babban bincike da likitocin Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka wallafa a 2013, an bi mutum 821 da aka kwantar a ICU saboda gazawar numfashi ko faɗuwar jini, kashi 74 cikin 100 suka shiga wannan ruɗewa. Mutanen da ba su taɓa jin kalmar sammu ba, su ma suna ganin abin da babu, su ma suna rantsewa nas-nas na shirya musu makirci.

Ki dubi ɗakin da idonsa. Fitila ba ta mutuwa dare da rana. Na'urori na ƙara ta kowane gefe. Mutanen da rabin fuskarsu ke rufe suna zuwa su juya shi, su soka masa allura, su zura masa roba su zuƙo majina, suna Turanci a kansa. Ya yi kwana takwas ba ya iya furta ko kalma ɗaya, yana jin ƙishirwa ba halin ya nemi ruwa. Wataƙila ya ga an ja labule a gadon kusa da shi, an fitar da wani a lulluɓe da farin zane. Ƙwaƙwalwar da zazzaɓi da ƙarancin oksijin da allurar barci suka jigata takan tattara waɗannan gutsattsarin ta haɗa labari da su. Kina ganin inda likkafanin ya fito.

Ba zan ɓoye miki ba, ruɗewar nan ba abin wasa ba ce. A binciken 2004 na wannan jami'a, masu kan injin numfashi da suka ruɗe sun fi daɗewa a asibiti, kuma an fi samun rasuwa a cikinsu a watanni 6 na gaba. Na 2013 ɗin ya nuna cewa iya tsawon kwanakin ruɗewa, iya yiwuwar mutum ya fita da mantuwa da nauyin tunani har bayan shekara. Na kawo miki wannan ne don ki san dalilin da za ki matsa a kula da ita. Ga akasarin waɗanda suka warke takan washe yayin da jiki ke murmurewa, kuma rage kwanakinta abu ne da kike da hannu a ciki.

Gobe ki nemi ganin babban likitan sashen bayan zagayen safe, ke da Yaya tare. Ki tafi da takarda, domin a gaban likita tambaya kan gudu. Ki faɗa masa abin da kika gani da lokacin da kika gani, sannan ki ce, "Likita, don Allah ana duba shi ko yana da diliriyom? Me kuke ganin yana jawo ta?" Akwai gwajin da ba ya wuce minti biyu: a ce ya matse hannun nas duk lokacin da ya ji wani harafi, a yi masa tambayoyi masu sauƙi irin su ko dutse na yawo a saman ruwa. Ki tambaya ko yana jin zafi a wani wuri da ba a gano ba, ko suga na sauka masa da dare, ko ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, ko fitsari na taruwa masa. Ƙananan abubuwa ne, amma kowannensu na iya ruɗa mara lafiya. Idan akwai abin da ya saba sha kullum kafin ya kwanta, maganin barci ne ko na ciwon jiki ko taba, ki faɗa wa likita a keɓe ba tare da jin nauyi ba, domin yanke irin waɗannan farat ɗaya na kawo firgici da gane-gane.

Ki kuma tambayi wane magani ake ba shi idan ya tayar da hankali. Dangi sukan roƙi a yi wa mara lafiya allurar barci ya huta, kuma na fahimci dalilinsu. Amma tun 2006 aka nuna cewa wasu magungunan barci, dangin diyazefam, na ƙara yiwuwar ruɗewa. Tun kafin nan, a 2000, likitocin Jami'ar Chicago sun gano cewa dakatar da maganin barci sau ɗaya kullum don mara lafiya ya farka na rage zamansa a kan inji da fiye da kwana biyu. Akwai lokacin da maganin ke zama dole, kuma likitansa ne zai yanke. Ke dai ki sani, shirun da ya biyo bayan allura ba shi ne sauƙi ba. Akwai ma nau'in ruɗewar da mutum ke kwanciya lamo yana kallon silin, ba ya fizgar komai, kowa na cewa alhamdu lillahi ya natsu, alhali yana can cikin firgici shi kaɗai.

Ɗaurin hannu kuma, don tsare shi aka yi, amma wanda ya riga ya yi imani za a kashe shi, in ya farka ya ji shi a ɗaure, ai an ba shi hujja. Ki roƙi a riƙa kwance shi muddin kina zaune kusa, ke ki zama mai lura da hannun. Daga nan sai ki nemi a ƙara miki lokacin zama, musamman tsakanin la'asar da isha'i. An gwada buɗe ƙofa ga dangi har awa 12 a rana a ɗakunan ICU 36 na ƙasar Brazil, aka wallafa a 2019. Ruɗewa ba ta ragu sosai ba, amma kamuwa da ƙwayoyin cuta bai ƙaru ba, kuma hankalin dangi ya fi kwanciya. Kowane asibiti da dokarsa, kuma lallami ya fi saurin buɗe irin wannan ƙofa. Ki ce mutum ɗaya ne zai riƙa zama, zai wanke hannu, zai fita duk lokacin da aka ce ya fita.

Idan kin shiga, ki tsaya inda zai ga fuskarki, ki riƙe hannunsa, ki yi magana a hankali: "Alhaji, ni ce. Yau Talata, an yi la'asar. Kana asibiti, nimoniya ce ta kama ka, an cire maka robar, huhunka na warkewa. Yara na gaishe ka." Ki maimaita duk shigarki, ko da ya ce ya sani. In yana sa tabarau, a sa masa. Ki kawo agogo mai manyan lambobi da hoton yara in an yarda. Ki roƙi a buɗe labulen taga da rana, a rage fitila da dare, a jinkirta abin da zai iya jira zuwa safe don ya samu barci mai tsawo. Idan ya ce ga su can da likkafani, kada ki yi masa gardama, kada kuma ki ce kin gan su. Ki ce, "Na san kana ganinsu, kuma abin da ban tsoro. Ni ban ga kowa ba. Ciwon ne da magani ke sa haka, zai wuce. Ina nan." In ma'aikatan motsa jiki suka zo zaunar da shi a bakin gado ko tsayar da shi, kada tausayi ya sa ki hana. A wani gwaji na 2009 a Amurka, waɗanda aka fara motsa su da wuri sun yi kwana 2 a ruɗe, sauran kwana 4. In kuma hawaye ya zo miki, ki fita ki share ki dawo. Ya ga hawayenki sau ɗaya ko sau biyu ba zai cutar da shi ba. Rashin ganinki ne zai fi tsorata shi.

Abu na biyu shi ne tsoron rana, lokacin da yake cikin hayyacinsa yana neman ki yafe masa. Wannan ba ruɗewa ba ce. Mutum ne da ya leƙa kabari ya dawo, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayanin abin da ya faru. A nan ne na saba da Yaya. Mijinki ɗan kasuwa ne, ya iya karanta fuska. Idan kowa ya shiga yana cewa ba komai, alhali ga injuna kewaye da shi, ga raɗa a bakin ƙofa, abin da zai fahimta shi ne ana ɓoye masa mutuwarsa. Gaskiyar da ke hannunku kuwa mai daɗi ce: an cire roba, huhu na samun sauƙi. Ki roƙi likita ya faɗa masa da bakinsa, da Hausa, a gajarce, da safe lokacin da kansa ya fi washewa. Idan ya nemi yafiya kada ki toshe masa baki. Ki ce kin yafe, shi ma ya yafe miki, sannan ki tambaye shi me ya fi tsaya masa a rai. Za ki iya tarar da bashi ne, ko shago, ko kuɗin makarantar yara, ko sallolin da suka wuce shi. Wanda za a iya warwarewa a warware, a dawo a faɗa masa an yi. Game da salla, ki tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya ce ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Malami ya yi masa bayanin taimama da hukuncin kwanakin da ba ya cikin hayyacinsa.

Yanzu ga Hajiya. Uwa ce da ke kallon ɗanta yana faɗin abin da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, an kuma hana ta zama kusa da shi. Ta nemi fassara a cikin abin da ta sani. Kada ki shiga muhawarar iska da ita, ba za ki ci riba ba, kuma ba daga bakin suruka ya kamata ta ji musu ba. Abin da take so shi ne a haɗa da addu'a, wannan kuwa ba sai an fitar da shi ba. Ki ce, "Hajiya, addu'arki ta fi ta kowa a kansa. Mu roƙi likitoci su bar ki ki shiga ki yi masa tofi, a kuma kawo malam ya karanta masa a nan." A sa a yi sauka a gida, a yi sadaka. Karatun Alƙur'ani a kunne ma na iya yin amfani. A wani gwaji da aka wallafa a 2013 kan mutum 373 da ke kan injin numfashi a Amurka, an ba wasu daga cikinsu damar sauraron abin da suka zaɓa ta abin sawa a kunne, a duk lokacin da suka so, fargabarsu ta ragu, maganin barcin da ake ba su ma ya ragu. Kiɗa suka saurara a can. Shi a tambaye shi muryar wane makaranci yake so, a sa masa a hankali, a cire in ya gaji ko zai yi barci.

Amma akwai iyakoki biyu da za ki tsaya a kansu ko da za a ji haushinki. Kada a ba shi rubutu ko zamzam ko zuma ko wani jiƙo ta baki sai likita ya ce haɗiyarsa ta dawo daidai. Wanda aka cire wa roba bayan kwanaki yakan ƙware, ruwan ya bi ta huhu, nimoniyar ta dawo sabuwa, ga kuma suga a game da zuma. A shafa masa a goshi da hannu, nesa da inda allura take, bayan an tambayi nas. Sannan ba garwashi, ba turaren wuta, ba hayaƙi ko kaɗan kusa da oksijin, domin gobara ce.

Fitar da shi kuwa, a'a. Mutumin da ke dogaro da oksijin na iya galabaita kafin mota ta fita daga harabar asibiti, kuma za a sa ku sa hannu a takardar cewa da ra'ayinku kuka ɗauke shi. Ina zargin abin da ke karkatar da Yaya bai rasa nasaba da aljihu, kuma ba abin kunya ba ne, kuɗin ICU na karya mai ƙarfi. Ki ba shi girmansa, ki gode masa, ki buɗe maganar kuɗin a fili don kada ta ɓuya a bayan maganar malamai. Ku tambayi likita kwana nawa yake hasashe, da abin da ake jira a gani kafin a mayar da shi ɗakin da bai kai wannan tsada ba. Sau da yawa wanda aka cire wa roba ya kusa wannan matakin, kuma komawa ɗaki mai taga da dangi kusa kan taimaka wa ruɗewar ma. Ku je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, ku tuntuɓi abokan kasuwancinsa da ƙungiyarsu, ku kai buƙata Hukumar Zakka da Hubusi. Idan duk da haka aka dage sai an ɗauke shi, ki nemi likita ya tara ku duka, har da Hajiya da wani dattijon da Yaya ke jin maganarsa, ya faɗi abin da zai biyo baya kowa na ji.

Ki sayi ƙaramin littafin rubutu ki riƙa sa layi biyu ko uku kullum: kwanan wata, abin da aka yi masa, wanda ya zo, abin da yara suka ce. Da yawa daga waɗanda suka fita ICU ba sa tuna abin da ya faru da gaske, mafarkan kawai suke tunawa, kuma su ne ke bin su gida. A wani bincike na 2010 a ƙasashen Turai 6, cikin waɗanda aka ba irin wannan littafi kashi 5 cikin 100 ne suka kamu da ciwon firgicin bayan tashin hankali, a sauran kuwa kashi 13. Wani gwajin a Faransa a 2019 bai ga bambanci ba, don haka ba zan ce miki tabbas ne ba. Amma ba shi da tsada, kuma ranar da zai tambaye ki "wai me ya same ni?" kina da amsa a rubuce.

Ke ma kina cikin wannan jinyar. A Faransa, a 2005, an tarar da kusan kashi ɗaya cikin uku na dangin marasa lafiyar ICU da alamun wannan ciwon firgici watanni 3 bayan an gama. Ki samu 'yar'uwa ko ƙawa da za ta riƙa karɓar ki, ki je gida ki yi wanka ki kwanta a kan gado, ba a tabarmar barandar asibiti ba. Ki ba mutum ɗaya aikin amsa wayar masu tambayar jiki. In rashin barcin ya haura mako biyu, ko gabanki na yawan faɗuwa, ki ga likita don kanki.

Bayan an sallame shi, in sha Allah, ki sa ido watanni. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka fita ICU na fama da fargaba, ɗaya cikin biyar da ciwon firgici. Mugun mafarki, razana in ya ji ƙarar waya mai kama da ta na'ura, ƙin komawa asibiti ganin likita, mantuwa a lissafin shago, saurin fushi, ƙin shiga mutane: in kin ga waɗannan sun wuce wata guda ba sa raguwa, ki faɗa a ranar komawa ganin likita, ki nemi a tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam. Zai iya cewa shi ba mahaukaci ba ne. Ki roƙi likitan da ya yi jinyarsa ya gabatar masa da maganar a matsayin ci gaban maganin nimoniyar, kuma ki raka shi zuwan farko. Ki sake rubuto mini bayan kun zauna da babban likitan, in ji yadda kuka yi da Hajiya da Yaya. Allah Ya tashi kafaɗunsa.